Motar Yaya da Ɗakin Kaka

Motar ta shigo gidanmu ne ta inda katanga ta faɗi. Daminar shekarar ta yi ƙarfi, ta zubar da bangon gabas, kuma kafin a gyara sai ga yayana ya dawo daga Riruwai da wata tsohuwar akori-kura ɗaure a bayan babbar motar itace. Aikin kuza ya tsaya, an sallame su. Wasu sun dawo da rediyo, wasu da keke, shi kuwa da wannan ya dawo. Maigidansa da ya koya masa tuƙi ne ya bar masa ita, don ta daɗe a yashe a bayan gareji har ciyawa ta fito ta cikinta. Babbar motar ta kasa shiga lungunmu, sai aka aro shanun noma suka ja akori-kurar, yara suna turawa, har gindin darbejiyar da ke tsakar gida. Aka tare tayoyinta da duwatsu.

Mu mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa ne. Ina ƙarami aka kwaso mu zuwa sabon wuri a ƙasar Bebeji, ban san tsohon garin ba sai a bakin Kaka, mahaifiyar Baba. Gonar da aka ba mu ba ta isa ta riƙe magidanci da ɗa baligi ba. Samarin unguwarmu duk sun fara tafiya kurmi, can kudu, neman aikin tuƙi da dako. Da farko sukan zo da sallah, daga baya sai saƙon gaisuwa kawai ke zuwa. Yaya ya faɗa mini tun daren farko da muka kwanta a ɗaki ɗaya cewa in motar nan ta tashi, zai riƙa jigilar mutane da kaya zuwa kasuwar Kafin Maiyaki da ta Tudun Wada, ya kwana a gida kullum. In ba ta tashi ba, shi ma kurmin zai tafi.

Lokacin ina sakandare. Ba ni da abokai sosai, magana a gaban mutane tana yi mini nauyi. Da Yaya kaɗai nake sakin baki, sai kuma Kaka in ta tsokane ni. Saboda haka ban ɗauki motar a matsayin tasa shi kaɗai ba.

Mun raba aiki ba tare da mun yi shawara ba. Shi ne mai kwancewa, ni ne mai wankewa da adanawa. Duk notin da ya cire sai in jiƙa shi a kananzir, in goge tsatsar da tsohon buroshin haƙori, in sa shi a gwangwanin tumatir tare da 'yan uwansa. Na jera gwangwanayen a gindin bango bisa yadda aka ciro su, na farko daga hagu, don in an zo mayarwa a fara daga dama. Yaya yakan yi mini dariya, ya ce ko mai kemis bai kai ni tsari ba, amma bai taɓa neman noti ya rasa ba. Kafireto mun kwance shi a kan farantin abincin Inna, ta yi faɗa har ta gaji. Lagireto ya huje, muka kai wa mai walda a garin Ƙofa a bayan keke. Abin da ba ya gyaruwa kuwa, sai Yaya ya tafi aikin lambun tumatir a bakin ruwa, ya yi makonni, sannan ya wuce Kano wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ya dawo da ƙarfe ɗaya a buhu. Haka aikin ya riƙa tafiya, wani lokaci wata guda ba a ɗaura ko abu ɗaya ba.

Kaka ba ta taɓa kiran ta mota ba. Akurki take ce mata, domin kajinta a ƙarƙashin kujerar direba suke yin ƙwai. Ni take kira maigida, Yaya kuwa tsohon mijin da ta saka saboda warin baƙin mai. In ta gan shi kwance a ƙarƙashin motar sai ta zungure ƙafarsa da sanda ta tambaye shi ko yau ma ba za a kai ta Makka ba.

Katangar gabas tun rani na farko aka tayar da ita, don ba a zama da gida a buɗe. Yaya bai damu ba. Ya ce ƙasa ce, aikin yini ɗaya ne a fasa, a fitar da mota, a mayar. Amma a damina ta gaba ɗakin Kaka ya zube. Allah ya sa tana madafi lokacin. Ta koma ɗakin Inna har ruwa ya ɗauke, sannan Baba ya kira magina. Gefen gabas ne kaɗai tudu a gidanmu, can ruwa ba ya kwanciya, don haka a jikin wannan katangar aka gina mata sabon ɗaki. An sa azarar da ta zo da ita daga tsohon gari, da ƙyauren katakon da mijinta ya sassaƙa. Su ne kawai abin da ta iya ɗorawa a kan motar da ta kwaso su kafin ruwa ya iso.

Yaya yana bakin ruwa aka yi ginin. Ranar da ya dawo, da buhunsa a kafaɗa, ya tsaya a tsakar gida yana kallon ɗakin. Sai da ya ajiye buhun ya je ya durƙusa ya gaida Baba. Bai tambaya ba, Baba ne da kansa ya ce in motar ta tashi sai a san yadda za a yi. Na lura da yadda ya faɗi maganar, kamar yadda ake ce wa yaro za a saya masa doki. Babu wanda ya yarda za ta tashi a gidan, in ban da mu biyu.

Sauran ɓangarorin babu hanya. Arewa ɗakunan maƙwabcinmu ne suka jingina da namu. Yamma zaure ne, mai lanƙwasa, ko jaki da mangala sai an karkata shi. Kudu kuwa, a bayan bango, kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin unguwa ne, mai zurfi, ba ya bushewa sai tsakiyar bazara. Na auna ko'ina da igiyar guga, na sake aunawa. Yaya ya ce in bari, a gama injin tukuna.

A wannan shekarar ne muka fi yi wa motar ado, ban san dalili ba. Yaya ya kafa benci biyu na katako a baya, ya lanƙwasa rodi ya yi mata rumfa, muka ɗinke buhunan taki suka zama tamfol. Kujerar gaba Inna ta cusa mata auduga, ta rufe da wani tsohon zanenta mai ganye. Muka kankare bodin da takardar yashi har hannuna ya yi kanta, sannan muka shafa mata fenti ruwan bula da buroshi, layi bayan layi. Da yake rubutuna yana da kyau, Yaya ya ce ni zan rubuta abin da za a sa a allon baya. Na ja layi biyu da rula da fensir, na tambaye shi me za a rubuta. Ya ce a bari sai ranar da ta taka titi.

Motar ta tashi wata ranar Laraba bayan la'asar, da batirin da muka aro wajen wani direban tarakta. Ta yi tari, ta mutu, ta sake yin tari, sai ta kama. Hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse, yaran unguwa suka hau katanga. Yaya ya cire duwatsun, ya shiga, ya sa giya. Ta tafi daga gindin darbejiya zuwa wajen turmi, ya taka birki, ya dawo da baya. Ya sake zuwa turmi, ya sake dawowa. Iyakar filin ke nan. Baba ya fito daga zaure da carbi a hannu, ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya sa albarka, ya koma.

Washegari Yaya ya je masa da maganar. Ya ce zai rushe bangon ɗakin da katangar, ya fitar da mota, ya sake gina wa Kaka da hannunsa kafin damina, har da daɓen siminti. Baba ya ce ɗakin ba nasa ba ne, na mahaifiyarsa ne, kuma shi ba zai iya buɗe baki ya ce mata ta fita ba. Wanda zai iya, ya je. Yaya ya ce shi ma ba zai iya ba. Sai suka dube ni, wai ni ne maigidan.

Na same ta da hantsi a bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na zauna, na ja kwanon na fara taya ta. Muka yi ta ɓara.

"Maigida, yau ba ka kawo cefane ba, sai shiru ka kawo mini?"

Na faɗa mata yadda Yaya ya tsara, ban rage komai ba, har da simintin. Na ce ba za ta wuce wata ɗaya a ɗakin Inna ba. Ta ci gaba da ɓara, ba ta dube ni ba. Can ta ɗaga kai ta kalli azarar da ke saman ƙofa.

"Wancan karon ma haka suka ce, za a gina mana wanda ya fi shi. An fitar da ni ruwa yana bina a baya, an sake fitar da ni ruwa yana zuba a kaina. Itacen nan ya gaji da saukewa, ni ma na gaji. Ka ce wa tsohon mijina ya yi haƙuri ya jira ni kaɗan. Ba zan daɗe ba. Ranar da aka fitar da ni ta zaure, shi ya fitar da akurkinsa ta nan."

Ba da fushi ta faɗa ba. Har ta ɗebi gyaɗa ta zuba mini a aljihu, ta ce in kai masa.

Na kai masa gyaɗar da maganar, kamar yadda ta faɗa. Ya ce to. Bai sake tayar da zancen ba. Muka nemi wani tsohon batir, duk Juma'a bayan masallaci sai ya tayar da injin don kada ya kwanta, ya je turmi ya dawo. Yara suka daina hawa katanga. Mutanen unguwa suka fara yi masa ba'a a majalisa, suna tambayar nawa ne kuɗin mota zuwa madafi. Yakan yi murmushi ya wuce.

Da sanyi ya shigo Kaka ta kwanta da zazzaɓi da tari. Mata suka riƙa shigowa dubiya. Yaya ne ya ɗauko mai allura a keke, shi ne ya riƙa haɗa mata wuta a kasko. Ta warke, ta fito tana tsokanar kowa kamar da. A makon ne na sami Yaya yana wanke sifanoni yana naɗe su a tsumma, abin da ni na saba yi. Na tsaya a kansa. Ya ce gobe zai bi motar tumatir zuwa kurmi. Na ce ai ta ce a jira, kuma injin lafiyarsa ƙalau.

"Ranar da tarin ya tsananta," in ji shi, "ina riƙe da kofin ruwanta, sai na ga idona yana auna bangon. Ba zan zauna a gidan nan ina sauraron tarin tsohuwa ba."

Da safe ya shiga ya yi mata sallama. Na ji tana ce masa ya sayo mata turare, ko ta mayar da aurensu. Ya ba ni makullin motar, ya ce in riƙa tayar da ita.

Na yi ta tayarwa har batirin ya mutu. Bayan nan na riƙa juya injin da hannu, ina zuba ɗan mai a ramin fulogi kamar yadda ya nuna mini. Sai na tafi kwalejin horon malamai, ba na zuwa sai hutu. Tayoyin suka sace, suka tsage. Tamfol ɗin ya ruɓe, gara ta ci bencin. Kaji suka koma wurinsu. Kaka kuwa ta daɗe, ta ga aurena, ta ga ɗana na fari, ta kira shi sabon maigida. Wani lokaci in ta ga ina share ganyen darbejiya daga kan motar sai ta koma ɗaki. Ba ta sake ce mata akurki ba.

Yaya ya zo gaisuwar rasuwarta, ya yi ƙiba, Hausarsa ta ɗan sauya. Bayan an yi addu'ar uku Baba ya ce masa ga ɗaki nan, ya yi yadda ya so. Muka fita tsakar gida mu biyu. Ya ɗaga murfin injin, ya sa sifana ya gwada juyawa, ya sa ƙarfinsa duka. Ko motsi bai yi ba. Ya sauke murfin a hankali, ya goge hannunsa da ganye. Ya zagaya baya ya tsaya wajen allon, inda fentin ya ɓaɓɓake, ya tambaye ni ko na taɓa rubuta wani abu a wurin. Na ce a'a. Ya ce da ma bai san abin da zai ce in rubuta ba.

Da asuba ya koma, yana da mata da yara a can, da motar wani da yake ja. Ba a rushe ɗakin ba. Inna ta mayar da shi wurin ajiyar dawa, makullin motar kuma yana rataye a ƙusa a bayan ƙyauren.