Ranar da Telolin Ƙofar Durbi Suka Zama Manoma

Gyara zama, ɗan'uwa, ka ba ni kunnenka in ba ka labarin Malam Nu'uman mai kwamfuta.

Nu'uman daga wani ƙauye ya shigo Katsina, da takardar sakandare da tafireta tsohuwa. Shekara goma yana buga wa mutane wasiƙa da takardar koke. Da soja suka koma bariki, gidajen intanet suka fara buɗewa, sai ya liƙe a ɗaya daga cikinsu har ya koyi haɗa shafin intanet da yaren kwamfuta da ake kira PHP. Ƙungiyar teloli ta Ƙofar Durbi ta ba shi aron ɗan shago, shi kuma yana yi mata aikin takardu.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Lado, bai taɓa son wannan aro ba. Shi haifaffen cikin ganuwa ne, kuma bai taɓa kiran Nu'uman da sunansa ba. Baƙauye yake ce masa, ko da amsa gaisuwa ce.

To, wani ɗan majalisa ya ce zai raba kayan sana'a, a tara masa sunaye ta intanet. Nu'uman ya haɗa fom. Ya san mutanenmu, babu mai sana'a ɗaya: tela ne da rani, da damina yana gona, wani ma har da acaɓa. Sai ya jera akwatuna, kowa ya yi maki a duk abin da yake yi. Ɗinki a sama, noma a can ƙasa. Mako guda ana layi a shagonsa ana cikewa.

Ga inda aka samu matsala. Duk akwatunan suna ɗaya ya ba su, sana'a. Idan fom ya isa kwamfutar da ke karɓa, kowane maki sai ya danne na gabansa, na ƙarshe kaɗai ke tsira. Kamar a ce kwano ɗaya ka miƙa, kowa ya zo sai ya zubar da na ciki ya zuba nasa.

Da aka fitar da sunaye, kusan duka telolin nan manoma ne. Masu jiran keken ɗinki an rubuta musu taki.

Alhaji Lado ya zo da takardar a hannu, jama'a na bin sa. Ko sallama bai yi ba.

"Kai baƙauye, mi muka yi maka? Kakana ya yi wa manyan garinga ɗinki, yau ni ka rubuta manomi?"

Nu'uman ya rantse kuskure ne. Alhaji ya ce ƙarya ne, ramuwa ce, so yake ya mayar da 'yan birni irinsa. Wani daga baya ya ce a fitar da kwamfutar a rana, ko ta sha iska ta dawo hayyacinta. Aka ba shi zuwa Juma'a: ko ya gyara, ko ya ajiye makullin shago.

Kwana biyu yana bin rubutunsa layi-layi kafin ya gano. Abin da ya rage ƙarami ne: baka biyu masu kusurwa a bayan sunan, sana'a[]. Da su, kwamfutar can za ta karɓi makin a jere, kowanne da mazauninsa, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a adana. Ya gwada da sunansa, sana'a uku suka fito cif.

Amma abin da aka danne ya tafi, ba ya dawowa. Dole ya buga fom a takarda ya bi shago-shago. Wasu suka bar shi tsaye suna taka keke kamar ba su gan shi ba. Hajiya Zuwaira mai ɗinkin mata ta cike nata, amma sai da ta tambaye shi ko wannan karon makiyayiya zai mayar da ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kai sabon jerin. Kowa ya fito tela, daidai. Sai dai kusa da ɗinki, ga noma nan a gaban sunan kusan kowa, har da Alhaji Lado, don da hannunsa ya sake yin makin. Yana da gona a hanyar Jibiya, kuma ba ya son taki ya wuce shi.

Aka karanta a gaban mutane, wani ya tuntsire da dariya. Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce na farko a ce kuskure ne, wannan kuwa tonon asiri ne da gangan. Ya miƙa hannu.

"Makulli."

Nu'uman ya miƙa masa makullin. Ya ɗora kwamfutarsa a baro ya tura zuwa Ƙofar 'Yandaka, inda wani mai hoto ya ba shi lungu. Yana can har yau, gemu ya yi fari, yana koya wa masu son koyo. Darasinsa na farko kullum baka biyun nan ne. Kekuna kuwa sun iso, an raba da jerin da ya gyara, ba a aika masa ko da gaisuwa ba.

To kai da ka ji, don wane laifi aka kore shi: don jerin farko da ya yi ƙarya, ko don na biyu da ya faɗi gaskiya?