Siririyar Ƙafa Daga Roni Zuwa Babura

Mudi ɗan marigayi maigidana ya zalunce ni, kuma da sunansa nake faɗa. Shekara goma sha tara ina ɗaukar hoto a Kazaure, kyamarata a kan abin ɗorawa na katako mai ƙafa uku, wanda mu masu hoto muke ce wa ƙafa. Ubansa ne ya ba ni da hannunsa. Saura kwana huɗu in fita ƙauyuka ɗaukar hoton fasfo na maniyyata aikin hajji, sai ya aiko aka ɗauke ta, wai kayan gado ce. Bai tsaya nan ba, ya sami Alhaji Ado, wakilin alhazan da ya ba ni aikin, ya ce wai ni Ɗanjuma ba ni da kayan aiki, a ba shi aikin.

Alhaji ya ce mini, "Ɗanjuma, mutum arba'in da ɗaya ne. Hoto ɗaya ya fito dishi-dishi, Kano za su dawo da takardar, mai ita ya rasa jirgi. Za ka iya?"

Na ce zan iya, alhali ko sanda ba ni da ita. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, sai mai karatu ya yi haƙuri da rubutun.

LITININ, KANO

Ƙarfe biyar da rabi, da idar da sallar asuba, na shiga ƙaramar motar haya, kiya-kiya. Takwas saura kwata muna Kano. A Sabon Gari wani mai kanti ya jera mini ƙafar kyamara iri uku. Ta farko baƙin ƙarfe ce, ɗaukarta sai jaki. Ta biyu kyakkyawa, amma na danna kanta da tafin hannu sai na ji tana rawa. Ta uku ta alminiyan ce, siririya, kowace ƙafa tana zugewa cikin 'yar'uwarta gaɓa uku. Na buɗe ta duka, na danna, na murɗa, na ɗaura kyamarata don in ga ko kusar ta yi daidai, na kwance, na sake ɗaurawa.

Mai kanti ya ce, "Malam, saye ka zo ko kokawa?"

Na ce, "In ta karye a dajin Gwiwa, kai za ka zo ka gyara?"

Na naɗe ta na auna da hannuna: daga gwiwar hannu zuwa yatsa, da ɗan ƙari. Za ta kwanta a bayan keke. Ita na saya.

TALATA, RONI

Na bar gida ƙarfe shida a keke. Damina ce, hanya duk taɓo, gero ya kai ƙugu. Na isa Roni tara da kwata, aka sauke ni a ƙofar gidan mai unguwa. Wurin dutse ne, ba inda ya daidaita, a nan na fara ganin amfaninta: na gajarta ƙafa ɗaya, na tsawaita biyu, kyamara ta zauna cas. Da katakon ne da sai na yi ta cusa duwatsu a ƙarƙashi.

Wani dattijo ya zagaye ta ya ce, "Yaro, ina katakon? Hoton da za a kai Makka za ka ɗauka a kan karan dawa?"

Furfura a gemuna, wai yaro. Na ce, "Baba, zauna ka ɗaga haɓa. Fuskarka za a kai Makka, ba ƙafar ba."

Wajen sha ɗaya hadari ya taso da iska, sai na ga ƙafar tana karkarwa. Na zazzage jakar guzurina, na cika ta da duwatsu, na rataye a tsakiyar ƙafafun. Ta tsaya kamar an dasa. Tun daga ranar ba na zuge gaɓar ƙarshe, mafi siranta, sai dole. Mutum ya zauna a kujera, ni in sunkuya. Mutum goma sha huɗu na ɗauka. Mai unguwa ya aiko da tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na ci har na ji kunya.

LARABA, GWIWA

Bakwai na tashi, goma da rabi na isa, don wani rafi ya cika, sai da na saɓa keken a kafaɗa, kaya a ka. Na ɗauki mutum tara a gari. Saura mace ɗaya a wata ruga, Inna Dije matar Malam Jibo, wanda ya sayar da shanu don su tafi tare.

A ɗan zauren kara aka ce in ɗauke ta, haske kaɗan. Ta zauna, na saita. Ina ɗago kai sai ta sunkuyar da nata. Na ce, "Inna, ki dube ni." Ta ƙara jan mayafi. Malam Jibo ya ce, "Ke, dubi mutum mana!" Ta ce a hankali, "A gabanka zan ƙura wa wani namiji ido?" Ya fita. Sai ta ce ai yanzu ya fi muni.

Mun kai rabin awa. Malam Jibo ya ja ni gefe ya ce, "Malam Ɗanjuma, in babu hoton babu tafiya, ko?" Na ce babu.

Sai na tuna kyamarata tana da ɗan agogo da ake ja, ya yi ƙara kaɗan sannan ta ɗauka da kanta. Ban taɓa amfani da shi ba, don kan tsohon katakon yana langaɓewa in ba ka riƙe. Wannan kuwa ka ɗaure ta ɗauru. Na ce, "Inna, duk fita za mu yi. Ki dubi gilashin nan har ƙarar ta tsaya."

Ta ce, "Ba kowa a bayansa?"

Malam Jibo ya ce, "Wannan ƙarfen? Ko kaza ba ta jin kunyarsa."

Na ja agogo, muka fice da sauri kamar ɓarayi. Sau uku muka yi haka. Ko ta duba ko ba ta duba ba, ban gani ba, kuma ba halin in sani sai na wanke. Aka cika mini ƙwarya da fura da nono, na sha, amma hankalina yana kan fim ɗin.

ALHAMIS, ACHILAFIYA DA BABURA

A Achilafiya na ɗauki shida kafin hantsi. Na fito titi, sha biyu na sami akori-kura, aka ɗaure keken a kan buhunan gishiri. Kusa da Babura masu duba kaya suka tsayar da mu. Ɗayansu ya zaro ƙafar daga tsumma ya ce, "Wannan bindiga ce ko sandar makaho?" Na buɗe masa. Ya gyara hula ya ce to a gwada a kansa. Na ɗauke shi, direba yana ta zuba oda.

La'asar muka shiga gari. Na ɗauki sha ɗaya kafin rana ta yi sanyi, har da wani da ya nace sai da sefa, kuɗin Nijar, zai sallame ni. Na kwana a shagon wani tela mai kirki, na ci dambu da zogale.

JUMA'A, GIDA

Motar ƙarfe shida na biyo ta Ɗambatta, sha ɗaya ina Kazaure. Daga masallaci na shige ɗakin wankin hoto, na fara da fim ɗin Gwiwa. Na farko ta rufe ido. Na biyu ta waiwaya ƙofa. Na uku, ga Inna Dije ta dubi gilashi tar, har zanen goshinta ana ƙirgawa. Na zauna a ƙasa na yi hamdala. Arba'in da ɗaya, ba wanda aka dawo da shi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa duk wanda ya ba ni tabarma ko ruwa a hanya.

Bayan sati sai ga Mudi a ƙofar shagona da katakon a kafaɗa, mutane na zaune. Ya ce, "Yaya Ɗanjuma, ashe kuskure aka yi wajen rabo. Ga kayanka."

Ban ce ya zauna ba. Na ce, "Mudi, ba kuskure ba ne, abincina ka so cirewa daga bakina. Mayar da ita zauren gidanku ka jingine, kullum za ka fita ka gan ta. In ka gaishe ni zan amsa, don darajar ubanka. Amma daga yau ka kira ni Ɗanjuma mai hoto kamar kowa. Yaya kam, ka nemi wani."