Mai Laimar Kwaɗi a Kasuwar Gummi

A ƙarshen layin masu kifi a kasuwar Gummi, wata dattijuwa tana zaune da faranti a gabanta. Laimar kwaɗi ce a ciki, fara tas, ta lulluɓe rabinta da jiƙaƙƙen ƙyalle. Fatar yatsunta ta tattare irin ta mai yawan taɓa ruwa. Ina jin tana da wani ɗaki mai duhu a gida, inda take yayyafa wa buhunan ɓuntu ruwa safe da yamma, maƙwabta suna yi mata kallon taɓaɓɓiya.

"Inna, wa ka cin abin juji?" in ji wani mai babur, yana dariya.

"Ba ta juji ba ta, ɗana. Cikin ɗakina nika shuka ta, bisa ɓuntun shinkafa."

Sai ta buɗe ɗan kwanon da ta zubo soyayyiya, ta ci a gaban kowa, ta miƙo mini, don ni kaɗai na tsaya.

"Malam, ɗanɗana."

"Azumi nika yi, Inna."

Ta dubi goron da ke hannuna, wanda na riga na gutsura. Ta rufe kwanonta a hankali.

"Allah shi karɓa," in ji ta.