Uba Mai Zanen Magudanar Ruwa

Malam Uba ɗan Ba'awa ne, ta ƙasar Kiru. Tun yana firamare hannunsa ya faɗa wajen zane, shi ya sa da ya gama sakandare ya tafi Kano ya yi difloma a kan zanen gine-gine da hanyoyi. Daga nan wani kamfanin ayyukan ruwa ya ɗauke shi.

Aikinsa a ofis yake. Injiniya zai fita ya auno ƙasa ya kawo masa alƙaluma, shi kuma ya mai da su zane: faɗin kwalbati, kaurin rodi, gangaren da ruwa zai bi. Da zanen magina suke aiki, amma da wuya a kai shi ya ga abin da aka gina. Da kwamfuta ta shigo ya koma aji da furfurarsa, ya koya da ƙyar, bai taɓa jin daɗinta kamar fensir ba.

Ana haka hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Kamfani ya sallame shi, ya dawo gida. Matarsa Furera ce ke ba shi abinci a baki.

Da ya ɗan samu sauƙi sai ya matsa wa ƙaninsa Isa ya kai shi wajen Tiga, yana son ganin wata magudanar noman rani da ya fi alfahari da zanenta. Suka je a motar haya. Suka tarar da ita a bushe, simintin ya dare, ciyawa ta cike ta.

Wani manomi yana jan tiyon injin ban ruwa a gefe. Bayan gaisuwa Isa ya tambaye shi labarinta. Mutumin ya ce tun damina ta biyu yashi ya toshe ta, ba wanda ya dawo ya duba.

"Wanda ya tsara ta dai, Baba, ina jin bai taɓa taka wurin nan ba," in ji shi.

Isa zai yi magana, Uba ya riƙe masa riga da hannun hagu.

"Gaskiya ne," ya ce. "Bai taɓa ba."

Suka koma gida. Uba ya ƙara shekara biyu a duniya, yawanci a kan tabarma a zaure, yana sauraron rediyo. Ya rasu ana tsakiyar girbin dawa.