Mai Sunan Baba a Gado na Huɗu

Ina da shekara talatin da bakwai na koma aji, na zauna benci ɗaya da yaran da na kusa haifa. Kafin nan shekara goma sha ɗaya na yi a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jirgin ruwa ta Douala a Kamaru, ina buga takardun manyan motocin da ke tafiya arewa. Sai rikici ya zo. Arewa ba lafiya, yankin masu Ingilishi ma ya kama da wuta, direbobi suka fara ƙin hanya. Muka koma zaman kashe wando a ofis, ko da yake ni zani nake kashewa.

A lokacin unguwarmu New Bell ta cika da baƙi waɗanda suka gudo. Wata daga cikinsu ta kama ɗaki a bayan gidanmu, ran nan 'yarta ta yi zazzaɓi mai zafi na raka ta asibiti, don ita ba ta jin Faransanci. Na wuni ina tafinta, ina kallon ma'aikatan jinya biyu suna fama da mutane cike da baranda. Na dawo gida na buɗe akwati, na zaro digirina na kimiyyar halittu daga ƙarƙashin zannuwan aurena, har ya ɗauki ƙanshin turaren wuta. Akwai wata makaranta da ke karɓar masu irin wannan digiri, ta dunƙule musu karatun jinya na shekara uku su yi shi a rabin lokacin. Sharaɗinta ɗaya ne: ba maimaici. Wanda ya faɗi sitaj, wato aikin koyo a asibiti, sai ya koma gida ya jira wata shekarar. Ni kuwa na riga na ajiye aikina, ba ni da shekarar da zan zubar.

Wallahi ban taɓa jin daɗin wahala irin wannan ba. Na huda lemo da allura har yarana suka daina shan lemo a gidan. Maigidana yana sayar da atamfa a kasuwar Marché Congo, kafin in koyi auna hawan jini ya riga ya gaya wa layinsu kaf cewa matarsa dokta ce. Na ce masa ya daina, ya ce ai shi bai ga bambanci ba, fari dai fari ne. Kullum da safe in hau bensikin, babur ɗin haya, farar rigata a ƙulle cikin leda saboda ruwan sama, in isa asibiti ƙafata duk taɓo, raina fes.

Abin da ya kusa kayar da ni ba karatu ba ne. Suna ne.

A gidan surukina muke zaune, tsohon mahauci ne da ya bar kasuwa ya koma baranda da rediyonsa. Shekara goma sha uku ina gidan ban taɓa faɗin sunansa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ko wani ne daban mai irin sunan, sai dai mu ce mai sunan Baba. To matsalar, sunan nan rabin mazan unguwa ke da shi, Hausawa da Fulani da Barebari, har da 'yan kasuwar da suka zo daga Najeriya kwanan nan. Kamar an raba shi kyauta a masallaci.

A sitaj ɗina na ƙarshe aka kai ni ɗakin maza. Dokar wurin ita ce kafin ka ba majiyyaci magani ka kira cikakken sunansa da ƙarfi, ya amsa. Aka kwantar da wani dattijo mai sunan Baba a gado na huɗu. Kwana uku ina zille wa dokar. In je in ce, sannu Baba, allura ce, ya juya, in yi abina in wuce. Rana ta huɗu na je gadon da sirinji a hannu, na ga farin gemu da bargo har wuya, na yi gaisuwata. Tsohon ya fara juyawa ke nan na ji an damƙe mini wuyan hannu.

Majo ce, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin. Mutuniyar kudu ce, gajera, ba ta ɗaga murya, shi ya sa muke tsoronta. Ta nuna mini katin da ke jikin gadon. Ba mai sunan Baba ba ne. Rufi ya yi yoyo da safe, an sauya masa gado da wani tsoho kafin in iso.

A ofishinta na yi mata bayanin al'adar. Ta yi dariya har da share hawaye, ni kuwa raina ya ɓaci, don ni ban ga abin dariya ba. Na ce to zan riƙa tambayarsu su faɗi sunansu da bakinsu. Ta ce da kyau, wanda ya suma fa? Layin da ke bakin ƙofa fa, ɗaya bayan ɗaya zan bi su ina tambaya? Sai ta ɗauko karne ɗina, littafin da ake sa wa ɗalibi hannu in ya ci sitaj, ta jefa shi cikin durowa.

“Maganin nan bai san surukinki ba,” in ji ta. “Ranar Alhamis ke za ki kira layi a wurin karɓar marasa lafiya, ni kuma ina tsaye. Kika tsallake suna ɗaya, ba zan sa hannu ba.”

Na dawo gida na shiga banɗaki na rufe ƙofa don in gwada. Na buɗe baki, harafin farko ya fito, sauran ya maƙale a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Maigida ya ji labari, maimakon ya tausaya mini sai ya ce ai shi ma ban taɓa kiran nasa ba, in fara da shi mana, ga shi a zaune. Na jefe shi da matashi. Washegari muna gyaran ganye da surukata ta ga idona ya kumbura, ta matsa mini sai da na faɗa mata komai. Tambaya ɗaya kawai ta yi, wai wace rana ce. Na ce Alhamis.

Alhamis ta zo. Baranda ta cika, majo tana tsaye a bayana da karne ɗina a hannu. Ina ta addu'a Allah ya sa duk masu sunan Baba na Douala su tashi lafiya ƙalau yau. Kati na farko, na biyu, na bakwai, duk na kira su lafiya. Na ɗauki na takwas. Sunan ne. Ban gama jin wannan ba idona ya sauka kan sunan mahaifi da shekaru da unguwa. Na ɗaga kai.

Yana zaune a benci na biyu da babbar rigarsa ta Juma'a da sandarsa, yana kallon bango. Mutumin da ko ciwon kai ya yi sai dai ya sha jiƙo, wanda ya rantse asibiti ba zai gan shi da ƙafarsa ba. Surukata tana gefensa, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa saboda dariya.

Na matsa kusa na ce, Baba, bismillah. Ko gezau. Na ƙara cewa Baba, layinka ne. Tsohon nan da ke jin rediyon maƙwabta ta bayan katanga, ranar sai ya kurumce. Na ji majo ta gyara tsayuwa a bayana. Akwai matan unguwarmu biyu a bencin baya, sun san ni sun san shi, sun zuba ido.

Na koma wurina. Na riƙe katin da hannu biyu, na rufe ido, na kira sunan, cikakke, har da na mahaifinsa. Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda na yi niyya, har wani mai gyangyaɗi ya farka.

“Na'am,” in ji shi.

Ya miƙe a hankali, ya tako ya zauna a kujerar awo, ya naɗe hannun riga ya miƙo mini. Matan baya ɗaya ta ce la'ilaha, ɗayar ta fashe da dariya. Majo ta dubi fuskata, ta dubi tsohon, ta tambaye ni da Faransanci ko wannan ma mai sunan ne. Na ce a'a, wannan shi ne da kansa. Ta sake dubansa. Sai ta jingina karne ɗin da bango, ta zaro biro daga gashinta ta sa hannu a nan take, layi bai ko kai rabi ba.

Na ɗaura masa abin awo. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Da bango ya yi magana, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

“Ni ne mai sunan, na kuma yafe. Duk wanda ya zo da shi ki kira shi da ƙarfi, 'yata. Kada a yi wa bawan Allah allurar wani saboda ni.”

Dariya nake yi, hawaye kuma suna zuba, ga mutane cike da baranda suna jira. Sau uku na auna shi kafin na iya ganin lambar.