Mita Goma Sha Huɗu a Ƙofar Mai Jego

Shekara talatin da ɗaya na yi ina awon filaye a aikin gwamnati, kuma a iya sanina ban taɓa sa hannu a kan awon da ban gani da idona ba. Wannan hali ba gadonsa na yi ba, a lakwal, makarantar bokon mishan, aka dasa mini shi. Malaminmu na lissafi, wani mompe, wato limamin cocin mishan, dogo mai jan wuya, yakan ce amsa iri biyu ce, daidai da kuskure. Wanda ya rubuta masa "kusan" a kaye, littafin rubutu, kuwa, sandar awo ce za ta sauka a bayan yatsunsa. Da wannan aƙida na gallabi ma'aikatan da suka yi aiki a ƙarƙashina, da na ajiye aiki kuma na juya kan iyalina. Mai ɗakina ta ce da zan sami dama, ko gishirin miya sai na ɗora a ma'auni.

'Yata ta biyu, wadda ke aiki a Yamai, ita ta nemo mini abin yi, ina jin don mahaifiyarta ta sami sararin numfashi. Ta sa mini wata manhaja a salula, ta bayyana mini wasan. Kowace rana ana haɗa kwanan wata da wasu lambobi na wata kasuwa mai nisa, lissafi ya fitar da ɗigo guda a kowane yanki na taswirar duniya. Mai wasa ya tashi ya je ya tsaya a kan ɗigon kafin ranar ta ƙare. Babu lada, babu alƙali. Na ce mata wannan aikin marasa aiki ne. Ta ce, "To Baba, ai shi ya sa na kawo maka."

Wata biyu ina duba ɗigon kowace safiya ina tsaki. Ran nan, a ƙarshen damina, ya faɗo arewa da Tirmini, kilomita ashirin da uku da mita ɗari huɗu daga ƙofar gidana a unguwar Birni, cikin Damagaram. Na sauko da tsohon kekena na zamanin aiki, na ba shi iska, na zuba wa sarƙa mai. Na tsara tafiyar a kaye: tashi ƙarfe bakwai, isa ƙarfe goma saura kwata, dawowa kafin azahar. Mai ɗakina ta tsaya tana kallona ina ɗaure ƙafar wando da igiya.

"Malam, wa ya rasu a Tirmini?"

"Babu wanda ya rasu."

"To Allah ya sa kada a samu yau."

A kan kwalta lissafina ya riƙe, in ban da gwiwoyina da ban saka su a ciki ba. Da na sauka na kama hanyar gonaki sai komai ya wargaje. Yashi ya ƙi keke. Hatsi ya fi ni tsawo ta ko'ina, ba na ganin komai sai kibiyar salula. Ƙarangiya ta cika mini safa, tsidau ya huda tayar baya, na zauna a gindin gawo na yi faci cikin tsanaki irin na wanda ake kallo, alhali akuya ce kaɗai a wurin. Daga nan ni na riƙa ɗawainiya da keken, ba shi da ni ba. A bakin wata rijiya na yi sallar azahar, lokacin da kaye ya ce ina gida ina cin abinci.

Gab da la'asar lambar salula, mai ƙirga mitocin da suka rage, ta sauko ƙasa da ɗari. Ina zaton tsakiyar gona zan tsaya, sai hatsi ya buɗe, ga wani gida shi kaɗai, kewaye da dangar kara, hayaƙi na tashi a ciki. Kibiya ta nuna ƙofar. A bakinta lamba ta tsaya a kan goma sha huɗu.

Na yi sallama. Wata tsohuwa ta fito da damin ganyen darbejiya a hannu, tsarata ce ko ta ɗan girme ni. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gajiya, ta dubi safata ta sake tambayar gajiya.

"Wa kake nema, Malam?"

"Ba mutum nake nema ba, Iya. Wani ɗigo ne, yana cikin gidan nan."

"Shekara hamsin ina sharar gidan nan, ban taɓa cin karo da shi ba. Kai ka binne shi?"

Na bayyana mata wasan da Hausa mafi sauƙi da na iya, ina ji da kunnena yana ƙara zama shirme. Na roƙi izinin shiga na minti ɗaya.

"Ɗana ya tafi cin kasuwa, sai gobe. Matarsa kwananta tara da haihuwa, ga ruwan wankan yamma can a kan wuta. Ranar suna ko liman a nan ya tsaya inda kake tsaye. Ka dawo bayan arba'in."

"Ɗigon na yau ne kaɗai."

"To ya mutu da ƙuruciya."

Ta koma ciki. Abin da na yi bayan haka sai na faɗa, tunda na ɗauki alƙalami. Na jingine keke, na bi gefen danga ina sanɗa, idona a kan salula. Goma sha biyu. Goma sha ɗaya. A bayan gida ta kai tara, na miƙa hannu bisa kara ko za ta ragu. Sai na ji muryar tsohuwar ta tsakanin dangar.

"Malam mai furfura, a bayan gidan mai jego. Da jikana ne da na san abin da zan ɗauko."

Tun sandar mompe ban ji zafi irin wannan ba. Na dawo ƙofa na ba ta haƙuri, kaina a ƙasa. Ta daɗe tana dubana, sannan ta goge hannu a zane.

"Kai ne dole ka shiga, ko abin hannunka?"

Na ce a ƙa'ida mutum ne.

"To yau ƙa'ida ta haɗu da jego. Kawo."

Ba ta san lambobin boko ba. Na durƙusa na zana mata sifiri a ƙasa, na ce ta bi kibiya har sai wannan ya fito shi kaɗai. Ta ce, "Ƙwan zabo." Ta karɓi salular da hannu biyu kamar kwanon da ya cika, ta shige. Ina jin takunta, ina jin mai jego tana tambaya daga ɗaki, sai dariyar mutum biyu. Da ta fito lambar ta koma goma sha huɗu, kamar ba a je ko'ina ba.

"Ƙwanka ya fito. Bakin murhu, daidai gindin tukunyar wanka."

"Kin tabbata shi kaɗai ne, babu wata lamba a gefensa?"

"In ba ka yarda ba, je ka haihu, in shigo da kai in yi maka wanka ka gani da idonka."

Ta kawo mini kunun kanwa na mai jego a ƙwarya, ta ce ni ma da alama na sha naƙuda. Na shanye tas. Na zauna a kan turmin da ke kife a ƙofar, na buɗe kaye. Tara ɗin da na samu a bayan danga ta fi kyau a takarda, kuma da idona na gan ta, amma na kasa rubuta ta. Na rubuta cewa ni na tsaya a mita goma sha huɗu, salula ta isa sifiri, bisa shaidar uwar mai gida. Na daɗe riƙe da alƙalami, sannan na sa hannu.

A motar hatsi muka koma Damagaram, ni a kan buhu, keke a kan cinyata. Mai ɗakina ta tarye ni da buta, ta dubi ƙarangiyar da na kawo mata tsaraba.

"Ka isa wurin?"

Na miƙa mata kaye. Ta karanta sau biyu, ta ɗago.

"Wace ce wannan da ka yarda da awonta? Ni shekara arba'in ina auna maka gishiri kana sake ɗanɗanawa."

Ban sake ɗanɗanawa ba a daren, na cinye tuwona tas. Gishirin ya ɗan yi yawa.