Kwikwiyon da ke gudun ruwa

Shekarar da ɓarayi suka dame ni a rumbun doyata na hanyar Obi, maƙwabcin gonata, wani dattijo ɗan Eggon, ya kawo mini kwikwiyo a cikin kwali. Baƙi ne, watansa biyu, kunnuwansa cike da kaska. Na yanke shawarar ya yi ƙwari a gida kafin in kai shi gadi.

Matata ta leƙa kwalin ta ce, "Baban yara, kare a gidan da ake salla? Ga kaska kuma?"

Na ce, "Na gadi ne. Can wajen akurki zai zauna."

Ta ce, "Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In kaskar nan ba ta rabu da shi ba, ka mayar wa mai shi."

Likitan dabbobi ya ba ni maganin da ake zubawa a ruwan wanka. Na dawo na ja ruwa a rijiya, na kama kwikwiyo, na sheƙa masa da moɗa. Ya tsala ihu, ya cije ni a babban yatsa, ya shige ƙarƙashin akurki. Bai fito ba sai yamma.

Washegari matata ta watsar da ruwan wanke-wanke a tsakar gida. Ko kusa da shi bai kai ba, amma ya zura da gudu yana kuka. Na je na tambayi dattijon inda aka haifi kwikwiyon. Ya ce bayan rumfar wata mai abinci, wadda kullum take korar karnukan da ruwan zafi. A nan na gane laifina. Na yi masa abin da ake yi masa in za a kore shi.

Sai na tsara aikin. Da farko na hana watsa ruwa a tsakar gida, na ce a riƙa tsiyaye shi a kwata.

Matata ta ce, "Yanzu kuma kare ke kafa mana doka?"

Na ce, "Ni na kafa."

Na sayi baho nasa shi kaɗai. Na ware tsohuwar riga da wando don aikin karen na rataye a ƙusa, ba na salla da su. Lokaci kuma bayan La'asar, don in samu in yi nawa wankan kafin Magariba.

Kwana uku na farko bahon a bushe yake, a ciki nake sa masa ƙanzo da kan kifi. Rana ta huɗu na zuba ruwan da ya wuni a rana, iya tafin ƙafarsa. Ya ƙi shiga. Ban tsawata masa ba, ban kuma ba shi abincin a wajen bahon ba. Na zauna a kujera ina riƙe da kan kifin a saman ruwan. Haka muka yi kwana biyu. A rana ta shida ya sa ƙafa ɗaya, ya dube ni, ya sa sauran.

Mako na biyu na koma goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙafafu tukuna, sai ciki, sai baya, kai a ƙarshe. Ban sake zuba masa ruwa daga sama ba. Mako na uku na sa magani, kaska ta riƙa zuba a bahon, na cire masu taurin kai da hannu.

Ranar talatin ga wata matata ta zo ta tsaya nesa kaɗan, ta harɗe hannu. Kwikwiyo na tsaye a ruwa, babu igiya, babu mai riƙe shi.

Ta ce, "Ɗaga kunnen." Na ɗaga. "Ɗayan fa?" Na ɗaga. "Tsakanin yatsu."

Na buɗa mata su ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Sai ka yi masa rumfa. Damina ta kusa."

A ranar na auna wuri kusa da akurki, washegari na kafa ginshiƙai.